Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Kowane ɗayanmu ya taɓa jin wannan karin magana daga bakin iyaye ko kakanni, yawanci sa'ad da yaro ya kwashi zancen gida ya kai waje. Ma'anarta a fili take, watau mutumin kirki yakan haɗiye abin da aka ba shi amana. Amma akwai tambaya guda da karin maganar ba ta amsa ba, ita ce kuwa muke so mu ɗauka a wannan shafi. Idan abin da aka zuba maka a ciki laifi ne fa? A ce mutum ya zo wurin wanda aikinsa shi ne sauraron damuwar mutane, ya rufe ƙofa, ya ce, "Shekara goma da suka wuce na kashe mutum, har yau ba wanda ya sani." Mai sauraron ya haɗiye, ko kuwa ya tashi ya nufi ofishin 'yan sanda?

Mun tabbata da za a yi wannan tambaya a filin asambuli, da yawancin hannuwa sun tashi a kan cewa a kai shi ga hukuma. Ba mu ga laifin masu wannan amsa ba, gama jinin mutum ba abin wasa ba ne. Duk da haka namu ra'ayin ya sha bamban. Muna ganin laifin da ya riga ya wuce, wanda ba sauran mai fuskantar haɗari a dalilinsa, mai sauraron ya riƙe shi, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa har mai laifin ya kai kansa da ƙafarsa. Amma inda akwai rai da yake cikin haɗari yau, to, rai ya fi asiri. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan fili mai ƙaya, za mu kuwa taka shi kafin mu gama.

Bari mu fara bayyana ko su wa muke nufi. A Amurka da ƙasashen Turai akwai sana'a ta mutanen da suke warkar da damuwar zuciya ta hanyar sauraro da magana. Waɗansunsu likitocin ƙwaƙwalwa ne, waɗansu masanan halin ɗan adam, waɗansu kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a da aka horar domin wannan aiki. A nan za mu haɗa su duka mu kira su likitocin tunani. Mutum yakan je wurinsu mako mako, ya zauna kamar awa guda, ya faɗi abin da ko matarsa ba ta sani ba. A ƙasashe da yawa ba a yin aikin sai da lasin, wanda kuwa ya saki bakinsa ana iya ƙwace lasinsa, a kuma kai shi kotu ya biya diyya. Al'adar ba ta yau ba ce. Rantsuwar likitoci da ake dangantawa da Hipokiratis na ƙasar Girka, tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ta ƙunshi alkawarin cewa likita ba zai baza abin da ya gani ko ya ji a wurin majiyyaci ba.

A yawancin jihohin Amurka, idan babban mutum ya furta wa likitan tunani laifin da ya aikata a dā, ko sata ce, ko fashi, ko ma kisa, doka ba ta tilasta wa likitan ya kai rahoto ba. In ma ya kai bisa ra'ayin kansa, shi ne zai sha tambaya. A Jamus abin ya fi haka tsanani. Fallasa asirin majiyyaci laifi ne da yake rubuce cikin kundin laifuffukan ƙasar, likitan kuma yana da ikon ƙin ba da shaida a gaban alƙali. Abin da dokar Jamus ta tilasta masa ya tona shi ne babban laifi irin na kisa wanda ake shirin aikatawa, tun akwai lokacin hana shi.

To, me ya sa ƙasashen da suke da 'yan sanda da kotuna masu ƙarfi za su yarda mai laifi ya sami ɗakin da zai yi magana ba a kama shi ba? Wata shari'a ta Amurka ta ba da amsa sosai. A watan Yuni na 1991 aka kira wata 'yar sanda mai suna Mary Lu Redmond zuwa wurin wani faɗa a wani gari kusa da Shikago. Ta harbe wani mutum, Ricky Allen, ya mutu. Ita ta ce yana gab da daɓa wa wani wuƙa, danginsa suka ce ba makami a hannunsa. Bayan abin ya faru ta shiga zuwa wurin wata mai ba da shawara, Karen Beyer, har kamar sau 50. Dangin mamacin suka kai ƙara, suka ce a kawo rubutun da Beyer ta yi na waɗannan zama. Redmond da Beyer suka ƙi. Maganar ta hau har Kotun Ƙoli ta Amurka, a 1996 kuwa alƙalai 7 cikin 9 suka yanke cewa a kotunan tarayya ba za a tilasta wa likitan tunani ya buɗe abin da aka faɗa masa cikin jiyya ba.

Hujjar alƙalan ita ce ta fi kama mana hankali. Likitan da yake ɗora karaya yana iya aikinsa da idonsa da hannunsa da hoton ƙashi, ko majiyyacin bai ce uffan ba. Likitan tunani kuwa ba shi da kayan aiki sai abin da aka faɗa masa. Ranar da mutane suka san cewa maganarsu za ta iya komawa kotu, ran nan za su daina faɗa. Ashe ke nan shaidar da kotu take kwaɗayi ba za ta ma kasance ba. Mu ɗauki mutumin nan na farko, mai asirin shekara goma. A ce gobe an yi doka cewa duk likitan da ya ji irin wannan magana sai ya kai rahoto. Kuna tsammani mutumin zai zo ya furta domin a kama shi? Ina! Zai yi zamansa a gida, ya ci gaba da ɗaukar kayansa shi kaɗai, ya huce a kan kwalba ko a kan matarsa da 'ya'yansa. Ba a kama shi ba, bai kuwa tuba ba. Mutum guda da yake da zarafin zama da shi mako bayan mako har ya kai shi ga faɗin gaskiya, an kawar da shi daga hanya. Dangin mamacin ba su ƙaru da kome ba.

Wannan game da abin da ya wuce ke nan. Abin da bai faru ba tukuna kuwa, labarinsa dabam ne, an kuma koyi darasinsa da jinin wata budurwa. A 1969 wani ɗalibi ɗan Indiya, Prosenjit Poddar, yana karatu a Jami'ar Kalifoniya da take Berkeley. Ya ɗora ransa a kan wata yarinya, Tatiana Tarasoff, ita kuwa ta nuna masa ba ta yi. Abin ya dame shi har ya fara zuwa wurin wani masanin halin ɗan adam a asibitin jami'ar, Dokta Lawrence Moore. A watan Agusta ya gaya wa Moore cewa zai kashe yarinyar idan ta komo daga Barazil. Moore bai yi shiru ba. Ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka tsare Poddar na ɗan lokaci, suka ga kamar yana cikin hankalinsa, ya yi musu alkawari ba zai kusance ta ba, suka sake shi. Shugaban Moore a asibitin ya ce kada a ƙara ɗaukar wani mataki. Poddar ya daina zuwa jiyya. Ba wanda ya gaya wa Tatiana, ba wanda ya gaya wa iyayenta. Ran 27 ga Oktoba 1969 ya je gidansu ya kashe ta da wuƙa.

Iyayenta suka kai ƙara. Kotun Ƙoli ta Kalifoniya ta yanke hukunci a 1974, ta sāke duban maganar a 1976, ta tsaya a kan cewa idan likitan tunani ya gane, ko ya kamata ya gane, cewa majiyyacinsa haɗari ne ga wani, to wajibi ne ya yi abin da ya dace domin ya kāre wannan mutum. Yana iya gargaɗinsa, ko ya sanar da 'yan sanda, ko ya ɗauki wani matakin da halin ya bukata. Jihohi da yawa sun bi sawu, ko da yake ba duka ba. Kotun Ƙoli ta Tezas, alal misali, ta ƙi ɗora wa likitoci wannan wajibi a 1999. Mu dai muna tare da Kalifoniya. Tatiana tana da rai a ranar da aka faɗi maganar, kalma guda a kunnen mahaifiyarta da wataƙila ta isa.

Wata shari'ar kuma ta nuna yadda layin nan yake da siriri. Ran 20 ga Agusta 1989 'yan'uwa biyu, Lyle da Erik Menendez, suka harbe mahaifinsu da mahaifiyarsu a gidansu na Beverly Hills. 'Yan sanda suka yi watanni ba su kama kowa ba. A ƙarshen Oktoba ƙanen, Erik, ya furta wa likitan tunaninsa, Jerome Oziel. Ku lura, kisan mutum biyu ne, iyaye kuwa, amma furcin kansa bai ba Oziel ikon kai su ga hukuma ba, bai kuwa kai su ba. Asirin ya fita ne ta bakin wata mace da Oziel yake nema, wadda ta gaya wa 'yan sanda a watan Maris 1990 bayan sun ɓata. Da aka zo gardama a kan kaset da rubutun Oziel, Kotun Ƙoli ta Kalifoniya ta ce a 1992 za a iya amfani da waɗansu daga ciki, waɗansu kuwa a'a. Waɗanda aka yarda da su, dalilin shi ne Oziel yana da hujjar gaskata cewa samarin barazana ne ga ransa da na mutanensa. Watau kisan da aka riga aka yi bai buɗe ƙofar ba, kisan da ake tsoron za a yi shi ya buɗe ta. An same su da laifi a 1996. Nan ma akwai abin lura ga duk mai riƙon amana: asirin da doka ta kāre daga alƙali, sakacin likita da rayuwarsa ta gida ne suka zubar da shi.

A Ingila ba a ba likita cikakkiyar kāriya irin ta Jamus ba. Kotu tana iya umartarsa ya yi magana, dokar ta'addanci ta 2000 kuma ta wajabta wa kowa ya faɗi abin da ya sani wanda zai taimaka a hana ta'addanci. A 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan wani likita, Dokta Egdell, wanda ya aika wa hukumomin asibiti rahotonsa a kan wani majiyyaci da ya taɓa harbe mutum 5 har lahira, ko da yake lauyoyin majiyyacin sun so a ɓoye rahoton. Egdell ya ga har yanzu mutumin yana da haɗari, ana kuwa neman sassauta tsaronsa.

Sai maganar yara, wadda ta fi shafarmu mu malamai. A 1962 wani likitan yara a Amurka, Henry Kempe, tare da abokan aikinsa, suka buga bincike a kan yaran da ake kawowa asibiti da karaya da raunuka waɗanda manya ne suka ji musu. Kafin ƙarshen 1967 kowace jiha ta yi dokar kai rahoton cin zarafin yara, a yau kuma likitocin tunani da malaman makaranta suna cikin waɗanda dokar ta ɗora wa wannan wajibi. A nan ba a cewa "ai ya wuce." Muna ganin daidai ne. Mutumin da ya ɓata yarinya bara, yarinyar kuwa tana nan a gidansa ko a ajinsa, laifinsa bai wuce ba, hutu kawai yake yi. Yaro kuma ba shi da ƙafar zuwa kotu, ba shi da bakin da za a saurara in babba ya musa.

Amma gaskiya ta sa mu faɗi cewa ba kowa ya yarda da wannan hanya ba. A 2005 asibitin Charité na birnin Balin ya buɗe wani shiri domin mazan da suka san zuciyarsu tana karkata ga yara, suna kuwa neman taimako kafin su aikata, ko domin kada su sāke. Abin da ya ba su ƙarfin halin zuwa shi ne tsananin dokar asiri ta Jamus. Masu shirin suna cewa a ƙasar da likita zai kai rahoto, irin waɗannan mutane ba za su taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba. Hujja ce mai nauyi, ba ma raina ta. Amma tana da ƙarfi ne inda akwai ƙwararrun likitoci da za su riƙe mutumin, su bi shi, su sa masa ido. Malamin makaranta ko dattijon ikilisiya ba shi da waɗannan. Idan ya yi shiru, ba jiyya ce take biyo baya ba, shirun ne kawai, yaron kuma yana nan inda yake.

Ikilisiya ta riga likitocin tunani sanin wannan nauyi. Tun babban taron Lateran na huɗu a 1215, Ikilisiyar Katolika ta kafa doka cewa Fada ba zai taɓa tona abin da aka furta masa a wurin furta zunubi ba, har wa yau kuma wanda ya tona kai tsaye an yanke shi daga tarayya nan take. Wannan doka ta yi karo da hukuma a Ostareliya. Kwamitin bincike na ƙasa a kan cin zarafin yara a makarantu da majami'u da gidajen marayu ya gama aikinsa a 2017, ya ba da shawara kada a keɓe furta zunubi daga dokar kai rahoto. Jihar Biktoriya ta yi irin wannan doka a 2019, Kwinsland kuma a 2020, shugabannin Katolika kuwa suka ce ba za su karya hatimin ba. Ba za mu yanke wa 'yan'uwanmu hukunci a kan sha'anin bangaskiyarsu a wannan shafi ba. Abin da ya fi damunmu yana kusa da gida. A majami'unmu matsalar ba yawan riƙon asiri ba ne. Sau nawa mutum yakan buɗe cikinsa ga wani babba ran Talata, kafin Lahadi maganar ta zaga gari da sunan "a sa ɗan'uwanmu cikin addu'a"? Gulma ce aka yafa mata zanen zumunta. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara zuwa ba, waɗanda suka gani ma ba za su zo ba.

Kada kuma a ɗauka riƙon asiri shi ne a saurara a gyaɗa kai a ce "Allah ya kyauta." Sa'ad da Dawuda ya sa aka kashe Uriya, annabi Natan bai yi shela a kasuwa ba, amma bai kuwa bar sarki ya kwanta da laifinsa lafiya ba. Ya shiga wurinsa ya sa shi ya ga kansa. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba bai tsaya ga baƙin ciki ba, ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu. Aikin mai sauraro ke nan. Ya riƙe maganar, ya kuma riƙe mutumin, yana tambayarsa mako bayan mako: wa ka cuta, yana ina yanzu, me za ka mayar masa, yaushe za ka je? Furcin da mutum ya kai da ƙafarsa ya fi wanda aka fizge daga bakin likitansa daraja, ko a gaban alƙali ko a gaban Allah.

Yanzu ga filin ƙayar da muka ambata. A 1982 aka harbe wani mai gadi a wani gidan abinci na McDonald's a Shikago. Aka kama wani saurayi, Alton Logan, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Alhali wani mutum dabam, Andrew Wilson, ya riga ya gaya wa lauyoyinsa biyu, Dale Coventry da Jamie Kunz, cewa shi ya yi kisan. Lauyoyi ne, ba likitoci ba, amma igiyar da ta ɗaure su iri ɗaya ce, ta ma fi ƙarfi. Suka rubuta abin da suka sani a takardar rantsuwa, suka kulle ta cikin akwati, Wilson kuma ya yarda su buɗe bayan mutuwarsa. Ya mutu a kurkuku a 2007. Logan ya fito a 2008, bayan shekara 26 a ɗaure a kan laifin da bai yi ba. Lauyoyin sun bi ƙa'idar sana'arsu, sun kuma ce ko da sun yi magana, mai yiwuwa kotu ba za ta karɓa ba, tun da asirin ba nasu ba ne. Mun ji, amma zuciyarmu ba ta kwanta ba. Laifin da wani yake kwana a kurkuku a madadinka ba laifin dā ba ne, kowace safiya sabo yake. Jihar Masacusets tana cikin 'yan kaɗan da suka yarda lauya ya buɗe baki domin ya hana a ɗaure marar laifi. A ganinmu ita ce ta kama hanya.

Wani zai ce duk wannan labarin ƙasashen waje ne. To, mu komo gida. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta ce bayanin majiyyaci asiri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko inda wata doka ta bukata, ko inda ɓoyewa zai zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Muna da dokar haƙƙin yara ta 2003. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma aka ce a samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantun sakandare. Ke nan ɗakin da muke ta magana a kansa yana nan cikin harabar makarantu irin tamu, kujerar kuwa malami ne yake zaune a kanta, ko faston makaranta, ko uwar ɗakin kwanan 'yan mata. Laifuffukan da za su ji ba su kai na Beverly Hills ba, amma ga yaro ɗan shekara 15 nauyinsu ɗaya ne da dutse.

A ce yarinya ta zo ta ce tun tana aji ɗaya ta ɗauki kuɗi daga akwatin wata, wadda ta riga ta gama makaranta ta tafi, abin kuwa yana hana ta barci. Wannan ba na ofishin shugaban makaranta ba ne, balle ɗakin malamai inda ake shan shayi. A riƙe mata, a taimake ta ta nemo mai kuɗin ta mayar, ko ta hannun malamar in kunya ta yi mata yawa. Idan aka kai ta gaban asambuli aka karanta sunanta, an hukunta yarinya guda da ta zo da kanta, an kuma koya wa sauran ɗari cewa mai wayo shi ne mai shiru. A ce kuma yaro ya zo ya ce wani siniya, ko wani babba a gida ko a makaranta, yana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ya roƙa kada a gaya wa kowa. Ko kuwa ya ce ya ɓoye wuƙa a ƙarƙashin katifa domin wane. A nan ba a kwana. Sai a gaya masa a fuskarsa cewa wannan ba za a iya riƙe shi ba, a gaya masa wanda za a sanar da dalilin sanarwar, a kuma tsaya ga waɗanda aikin kāre shi ya rataya a wuyansu kaɗai.

Saboda haka ne muke roƙon duk wanda yake zaune a wannan kujera kada ya taɓa cewa, "Faɗa mini, ba wanda zai ji." Alkawari ne da ba shi da ikon cikawa. Likitocin tunani a Amurka da Ingila sukan bayyana iyakar asirin tun a zaman farko, kafin majiyyaci ya buɗe baki, yawanci a rubuce. Mu ma muna iya yin haka da Hausa mai sauƙi: "Ɗana, abin da za ka faɗa zai tsaya tsakaninmu, sai fa in wani yana cutar da kai, ko kai kana shirin cutar da kanka ko wani. In haka ne, zan nemi taimako, kai ne kuwa za ka fara sani." Waɗansu malamai suna tsoron wannan zai sa yara su kama bakinsu. Wataƙila waɗansu za su kama. Amma yaron da ya ji iyakar, ya kuma zaɓi ya faɗa, sau da yawa abin da yake nema ke nan, a ɗauke masa kayan. Littafin da ake rubuta irin waɗannan zantuka kuma a kulle shi, mabuɗin yana hannun mutum guda.

Saura guda, ita ce ƙaramar shari'ar Alton Logan, tana kuwa iya faruwa a kowace makarantar kwana. Yaro ya zo ya ce shi ne ya fasa sito a zangon da ya wuce, alhali wani aka kama, aka kore shi, yana can gida yanzu, ubansa ba ya yi masa magana, jarrabawar fita kuma tana matsowa. Mai furcin yana kuka, yana cewa, "Malam, don Allah kada ka faɗa." Ba mu ga yadda malami zai haɗiye wannan ba. Amma ba mu ce ya tashi a guje zuwa ofis ya bar yaron a zaune ba. Ya ce masa, "Ɗana, ka yi abu mai wuya da ka zo, ba kuwa zan manta da haka ba. Amma ɗan'uwanka yana ɗauke da kayanka, ba zan iya barinsa haka ba. Na ba ka daga yau zuwa Jumma'a. Idan ka shirya, tare za mu shiga wurin shugaban makaranta, kai ka yi magana, ni in tsaya kusa da kai in roƙa a yi maka sassauci. Idan Jumma'a ta yi ba ka zo ba, zan shiga ni kaɗai." Mu kuma da muke zama a kwamitin ladabtarwa, ranar da irin wannan yaro ya shigo da ƙafarsa, sai mu auna hukuncinsa dabam da na wanda aka kama da hannu cikin sito, mu kuma aika a kira wanda aka kora a ranar, a wanke sunansa a filin asambulin da aka ɓata shi.